Neman kalma: me za mu kira "bretwalda" da Hausa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa, dan Allah ina neman taimako akan kalma guda ɗaya da ta tsaya min a wuya sati biyu kenan. Tarihi nake koyarwa a sakandare, to akwai yara 'yan aji shida da muke zama da su ranar Asabar muna bin tarihin ƙasashen waje da Hausa zalla, don na lura in da turanci ne hadda kawai suke yi, in kuwa da Hausa ne sai ka ji tambayoyi na fitowa ta ko'ina. Yanzu mun iso Ingila tun kafin ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya, wajen ƙarni na 7 zuwa na 9, lokacin da take a rarrabe masarauta masarauta, Kent da Weseks da Saseks da Eseks da Angiliya ta Gabas da Notambiriya da kuma Marsiya wadda ita muka fi tsayawa a kanta.

Kalmar ita ce bretwalda, tsohon turanci ne wanda ko Baturen yau sai an fassara masa. Asalin maganar daga wani malamin coci ne mai suna Bede mutumin Notambiriya, ya gama littafin tarihinsa a 731, a ciki ya jero sarakuna bakwai da yace kowannensu a zamaninsa sauran sarakunan kudu da kogin Hamba suna ƙarƙashin ikonsa: Aelle na Saseks, Ceawlin na Weseks, Aethelberht na Kent, Raedwald na Angiliya ta Gabas, sai Edwin da Oswald da Oswiu duk na Notambiriya. Shi Bede da Latin ya rubuta bai ma yi amfani da kalmar ba. Sai daga baya a kundin tarihin da aka tattara a Weseks zamanin sarki Alfred aka kwafo sunayen nan bakwai aka ƙara Egbert kakan Alfred ɗin, aka ce a 829 da ya ci Marsiya shi ne na takwas da ya zama bretwalda. A wasu kwafe-kwafen kundin ma brytenwalda aka rubuta, shi ya sa masana suka rabu, wasu sun ce mai mulkin Birtaniya ake nufi wasu sun ce mai faɗin mulki.

Ni dai da farko "sarkin sarakuna" na rubuta a allo, amma raina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Toh alhamdulillah amsoshi sun shigo, bari in bi su.

Wani malaminmu na islamiyya wanda ya girme ni nesa ba kusa ba ya rubuto yace: "Malam ƙarami, ka goge sarkin sarakunan nan tun wuri. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa mafi ƙasƙancin suna a wurin Allah shi ne mutum ya kira kansa sarkin sarakuna, kada ka sabar wa yara da shi a baki." Allah ya saka da alheri Malam, na karɓa hannu bibbiyu, kuma ko ba don wannan ba sunan ya yi wa mutanen nan yawa. Aelle na Saseks fa ƙasarsa 'yar tsiri ce a bakin teku, in yaro ya ji sarkin sarakuna zai hango wani abu kamar daular Farisa.

Wasu mutum uku sun ce a sa "sarkin Birtaniya" kawai tunda ma'anar kenan. Matsalar ita ce duk yaron da ya ji haka sarki Charles zai tuna da fadarsa a Landan, bayan haka kuma babu ɗaya cikin takwas ɗin nan da ya taɓa mallakar tsibirin duka, mutanen Wales na da sarakunansu, na can arewa inda Sikotilan take yanzu suna da nasu. "Babban sarki" kuma ba laifi amma bai faɗi komai ba, kowane sarki mai daraja ta ɗaya babban sarki ne a bakin mutane. "Uban ƙasa" ma an kawo, to wannan riga ce mai mai ita, a wurare da dama hakimi ake nufi, mun sauko da shi ƙasa kenan.

Wadda ta fi sa ni tunani ita ce wata yayarmu malamar jami'a, tace: "Ƙanena me zai hana ka kwatanta musu da Sarkin Musulmi da sarakunan da suka karɓi tuta, ka ce sultan, an wuce wurin." Yaya na juya maganar nan kwana biyu, amma ina ganin a nan ne ma haɗarin yake. Sarautar Sarkin Musulmi kujera ce, tana da gari tana da gida tana da masu zaɓe, in wani ya rasu a naɗa wani kujerar na nan. Bretwalda kuwa ba kujera ba ce sam, ba a naɗa kowa ba, ba rawani ba fada, ba a gadonta. Dubi yadda abin ke tsalle, daga Saseks ya koma Weseks ya koma Kent, Aethelberht na Kent ya rasu a 616 sai ga shi a hannun Raedwald, daga shi ya haura arewa. Ƙarfin mutum ne a kan kansa, ranar da ya faɗi ranar abin ya watse. In dai kwatance ake so daga gida to Kanta na Kabi ya fi kusa, wanda ƙarfinsa ya sa maƙwabta suka bi, ba wai don an ajiye wata kujera da aka ce dole a bi mai ita ba.

Kuma ga abin da ya fi ci min rai a jerin nan, babu ɗan Marsiya ko ɗaya. Tsakanin rasuwar Oswiu a 670 da nasarar Egbert a 829 kusan shekara 160 kenan an yi shiru kamar ba a yi kowa ba, alhali mafi yawan shekarun nan Marsiya ce ke jan zarenta. Mai jerin farko ɗan Notambiriya, masu ƙarawa 'yan Weseks, duk biyun abokan gabar Marsiya ne, to ai ba mamaki. Don haka kalmar da nake nema dole ta zama wadda zan iya ɗora wa sarakunan Marsiya irin su Penda da Aethelbald da Offa ko da ba su cikin jerin, in ba haka ba mun fassara son kan mutanen da suka rubuta ne kawai.

Ku dubi Penda. Bai karɓi kiristanci ba har ya mutu, addinin kakanninsa yake bi, shi da Cadwallon sarkin Gwynedd da ke Wales suka kashe Edwin a 633, ya sake kashe Oswald a Maserfield wajen 642, wato biyu daga cikin bretwalda bakwai ɗin a hannunsa suka ƙare. A 655 ya ɗauko yaƙi zuwa kan Oswiu da manyan jagorori talatin kowa da rundunarsa, har da sarkin Angiliya ta Gabas a ciki, Oswiu ya miƙa dukiya a bar shi Penda ya ƙi. Amma da aka zo bakin kogin Winwaed sai wani sarkin Wales da ke tare da shi ya sulale da dare da mutanensa, wani kuma ɗan Oswald ya ja gefe ya tsaya kallo, aka kashe Penda a wurin. Irin wannan biyayya fa, wadda ake bin ka yau gobe a zame, ita nake son kalmar ta nuna.

Jiya da daddare bayan isha'i na kai wa Baba maganar, shi ya yi shekaru yana bauta wa gidan wani hakimi tun yana saurayi kafin ya koma kasuwa. Na fara nuna masa hoton kuɗin zinaren Offa a waya don in jawo hankalinsa, wanda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ya sa tabarau ya matso da wayar kusa da fitila ya fara karantawa a hankali, Muhammadur Rasulullah, sai ya tsaya yace wannan rubutun boko da aka cusa tsakanin layukan fa? Nace juya wayar Baba, ya juya ta ƙasa ta koma sama sai ga OFFA REX, wato sarki Offa. Kwaikwayon dinarin halifa Mansur na Abbasiyawa ne mai shekarar hijira 157, maƙerin bai iya Larabci ba shi ya sa ya buga sunan ubangidansa a kife har da kurakurai a haruffan, Offa kuwa kirista ne, wataƙila darajar dinarin a kasuwa ake nema. Baba ya jima yana kallo yana girgiza kai.

Daga nan na ba shi labarin, yadda Offa ya hau a 757 bayan dogaran Aethelbald sun kashe ubangidansu da dare, ya yi mulki har 796, ya aurar da 'yarsa ga Beorhtric sarkin Weseks a 789 suka haɗu suka kori Egbert ya tsallaka teku gudun hijira, ya sa aka fille wa sarkin Angiliya ta Gabas kai a 794, ya haƙa ganuwar nan mai tsawo tsakaninsa da Wales da har yau ana ganinta, Shalaman sarkin Faransawa na rubuto masa wasiƙa yana ce masa ɗan'uwa suna maganar fatake da tufafi. Nace amma Baba yana rufe ido Kent ta yi tawaye, ɗansa da ya sha wahalar share wa hanya kwana 141 kacal ya yi a kan gado.

Baba yace: "Kai ɗan nan, wannan ai ubangida ne. Sarakunan nan barorinsa ne, suna kai masa caffa suna bin sa yaƙi shi kuma yana kare su yana yi musu alheri. Bara ai mutum yake bi ba gida ba, in ubangida ya faɗi ko hannunsa ya bushe kowa sai ya nemi wata inuwar."

Wallahi sai na ji kamar an cire min ƙaya. Ubangidan sarakuna. Na koma na gwada ta a kan duk abin da na sani ta zauna daram. Wulfhere ɗan Penda ya tsaya wa sarkin Saseks a matsayin uba ranar da aka yi masa baftisma sannan ya ba shi kyautar tsibirin Wight, wannan ai shi ne ubangida ya ɗinka wa yaronsa riga ya ba shi doki. Raedwald ya yi yaƙi a 616 ya ɗora Edwin da ke gudun hijira a gidansa kan gadon Notambiriya. Aethelbald kuwa shi kansa Bede ya yarda cewa a 731 duk ƙasashen kudu da Hamba da sarakunansu suna ƙarƙashinsa, bai dai sa shi a jerin ba, to yanzu ni zan iya ce wa yara Aethelbald ubangidan sarakuna ne ban yi wa kowa ƙarya ba.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya yi gyara mai kyau yace: "Malam a kula, yaran yanzu in sun ji ubangida 'yan siyasa za su tuna, mai ɗora ɗan takara ya juya shi." Gaskiya ne ɗan'uwa, amma ni ina ganin wannan taimako ne ma, don sun riga sun san ubangidan siyasa ba muƙami ba ne da aka rubuta a tsarin mulki, kuma sun sha ganin yaro ya yi ƙarfi ya juya wa ubangidansa baya, to rabin darasin sun zo da shi daga gida. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne kada a kira na ƙasan barori a rubuce, kalmar ta yi nauyi a kan mai sarauta, zan riƙa cewa sarakuna mabiya ko masu kai caffa.

Wuri ɗaya ne kalmar ta ɗan gaza kuma gara in faɗa, a kan Offa ɗin kansa. Shi bai tsaya a karɓar caffa ba, sarakunan wata ƙaramar masarauta mai suna Hwicce da na Saseks a hankali ya rage musu tsawo, wanda ubansa ke sa hannu a takarda da sunan sarki sai ka ga shi ana rubuta shi ƙaramin sarki ko jagoran mutanensa kawai, daga baya sarautar ma ta ɓace. Wannan ya wuce ubangida ya koma mai da sarakuna hakimai, kuma haka zan faɗa wa yara, Offa ya fara a ubangidan sarakuna ya nemi ya zama shi kaɗai ne sarki.

Yaya malamar jami'a ta dawo tace ta amince, sai dai a karon farko in rubuta bretwalda yadda take in bi ta da fassarar don wanda zai ci gaba da karatu ya gane ta in ya gamu da ita, Malam ma ya sa albarka. To haka na rubuta a littafin darasi: bretwalda, ubangidan sarakuna, jam'i iyayengidan sarakuna.

Yau Asabar na kai musu, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu tace Malam to in mace ce fa? Kuma tambayar na da wuri, don bayan mayaƙan Viking 'yan arewacin Turai sun sauka a Repton sun kori Burgred sarkin Marsiya a 874 Marsiya ta raunana, Aethelflaed 'yar Alfred ce ta riƙe abin da ya rage daga 911 zuwa 918, tana gina garuruwa masu ganuwa, ta ƙwato Derby, mutanen York ma sun yi alkawarin bin ta sai ta rasu a Tamworth kafin a cika. Uwargida dai ba za ta yi ba don matar farko za a ɗauka, na ce mata uwargijiya na wucin gadi. Yaya, wannan kam ke nake jira kafin Asabar mai zuwa.