Koya wa ɗalibai kilas da obje ta hanyar gasar robo a kwamfuta: ta ina za a soma?

Malam Lawali Birni:

Assalamu alaikum. Ƙungiyar ɗalibai ce ta wani lise a nan Damagaram, yara 14, kwamfuta 5 tsofaffi, intanet sai an ci sa'a. Rubuta shirin kwamfuta nake koya musu. Sun iya umarnin if da for da while, amma da an zo kan kilas da obje sai su haddace ma'anar su juye ta a takarda, a aikace babu komai. Kuɗin sayen robo na ƙarfe babu. An ce akwai manhajar da ake rubuta wa robo umarni su fafata a allon kwamfuta. Wacce ce za ta yi aiki ba intanet, kuma a wane tsari za a bi da su?

Injiniya Hadiza:

Wa alaikumus salam Malam. Robocode kake nema. Mathew Nelson ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin IBM ya fitar da ita a 2001, kyauta ce, da Java ake rubutu. Sauke Java da fayil ɗin girkawa na Robocode sau ɗaya, ka zuba su a kile USB ka zaga da su kwamfutocin. Editan rubutu da bayanin dukkan umarnin suna ciki, ba ta ƙara neman intanet.

Kowane robo tankar yaƙi ce mai sassa uku da ke juyawa daban-daban: jiki, bindiga, radar. Fili fiksel 800 ne a 600, tankar 36 a 36, kowa yana somawa da kuzari 100.

Ranar farko kada a rubuta komai. A buɗe sabon faɗa, a saka SittingDuck har guda uku tare da Walls, robo ne na misali da ke zuwa cikin Robocode. Fayil ɗin SittingDuck ɗaya ne tak, amma ga uku a fili, kowane da wurinsa da kuzarinsa, wani ya mutu wani na nan. Kamar mazubin bulo ne: mazubi ɗaya, bulo ɗari, in ɗaya ya fashe sauran ba ruwansu. Mazubin shi ne kilas, kowane bulo obje.

Rana ta biyu su ƙirƙiri nasu. Layin farko, `public class Zaki extends Robot`, ya riga ya kawo darasin gado: ba su rubuta `ahead(100)` ko `turnRight(90)` ko `fire(1)` ba, gadonsu suka yi daga Robot, kilas ɗin da Robocode ta zo da shi. Sai `onScannedRobot`. Robot yana da wannan metod ɗin, wato aiki mai suna da ke cikin kilas, amma fanko ne, yaro ne zai sake rubuta shi da abin da yake so. Ba kuma shi ke kiransa ba, Robocode ce ke kira duk lokacin da radar ya hango wani, ta miƙo masa obje `e` mai ɗauke da `getDistance()` da `getBearing()` da `getEnergy()`.

Kuskure biyu za su cinye maka awa guda in ba ka riga su ba. Sunan fayil dole ya zo daidai da sunan kilas har babban baƙi, Zaki.java. Na biyun ya fi mugunta: in yaro ya rubuta `onScannedrobot` da ƙaramin r, babu wani kuskure da zai fito, Java ta ɗauka sabon metod ne kawai, tankar ta yi ta yawo ba ta harbi. Maganinsa `@Override` a saman kowane metod da aka sake rubutawa. Da shi, kuskuren baƙi ɗaya ma za a kama tun wurin harhaɗawa, wato lokacin da Java ke duba rubutun kafin ya yi aiki.

Mamman Sani Zango:

Abin da Injiniya ta faɗa daidai ne, sai dai Malam ka yi hattara da abu guda: Robocode ita kaɗai ba ta koyar da wannan fannin. Yaro yana iya rubuta layi 300 cikin kilas ɗaya, komai a cunkushe cikin `run()`, ya ci gasa, bai taɓa rubuta `new`, kalmar ƙirƙirar sabon obje, ko sau ɗaya ba. Sai ka jefa su cikin matsalar da kilas ɗaya ba zai fitar da su ba.

Ga matsalar. Radar ba ya ganin harsashi. Amma duk wanda ya yi harbi, kuzarinsa yana raguwa daidai da ƙarfin harsashin, tsakanin 0.1 da 3.0. Wato in ka tuna kuzarin abokin gaba na ɗazu, ka kwatanta da na yanzu, za ka san ya harba, ka goce. Da abokin gaba ɗaya, yaro zai ajiye `double kuzarinDa` shi ke nan. Sai ka zuba tanka biyar a fili. Nan take lissafin zai rikice: radar ya ga tankar Crazy mai kuzari 80, ya juya ya ga tankar Tracker mai 78, tankar yaron ta ce an harbe ta alhali ba wanda ya harba. Wasu za su soma kuzari1, kuzari2, kuzari3. Bar su su sha wuya minti ashirin, sannan ka kawo kilas na biyu.

Kilas ɗin AbokinGaba ba ya gadon Robot, ba tanka ba ne, littafin ajiya ne. Yana da suna, x, y, kuzari da lokacin da aka gan shi na ƙarshe, duka `private`, wato ba a taɓa su daga wajen kilas ɗin. Metod biyu sun isa da farko: `sabunta()` mai karɓar sabon bayani daga radar, da `yaHarba()` mai mayar da true ko false. A cikin tankar a ajiye `HashMap<String, AbokinGaba>`, ma'ajiyar da ke haɗa kowane suna da obje ɗinsa, mabuɗin shi ne `e.getName()`. In sunan babu a ciki, a yi `new AbokinGaba`, in akwai a kira `sabunta()`.

Amfanin `private` ma a nan zai fito, ba sai ka yi wa'azi ba. Kuzarin abokin gaba yana sauka ba don harbi kaɗai ba: in harsashinka ya same shi ya sauka, in kun yi karo kowa ya rasa 0.6, in ya daki bango ma yana iya sauka. Kowane gyara na waɗannan a cikin `yaHarba()` za a yi shi, wuri ɗaya. Wanda ya watsa lissafin wurare huɗu zai gyara uku ya manta ɗaya.

Wurin lissafa x da y ne suke faɗuwa. A lekol sun koyi kusurwa tana somawa daga dama, x da cos, y da sin. A Robocode digiri 0 arewa ne, ana juyawa irin na hannun agogo, saboda haka abin a juye yake: x shi ne `getX()` a ƙara sin na kusurwa sau nisa, y kuma da cos. Kusurwar ita ce `getHeading()` a haɗa da `e.getBearing()`, don bearing daga gaban tankarka ake auna shi, daga -180 zuwa 180. Sannan `Math.sin` radiyan yake karɓa, sai an bi ta `Math.toRadians`. Wanda ya manta zai ga bindigarsa tana harbin iska.

Abdu Garin Malam:

Ranku ya daɗe, Java ba ta yi wa yaran lise nauyi ba kuwa? Python ai ta fi sauƙin rubutu, ba baka mai lanƙwasa, ba `public void`.

Injiniya Hadiza:

Malam Abdu, ta fi sauƙin rubutu, gaskiya ne. Amma ga wannan darasin tsaurin Java riba ne. A Python ba abin da zai hana yaro ya kai hannu cikin obje ya canja kuzari daga waje, al'ada ce kawai ke cewa kada a taɓa. A Java in ya taɓa abin da ke `private` rubutun ba zai harhaɗu ba sam, dole ya tsaya ya tambayi dalili. Editan kuma yana ba su ƙwarangwal ɗin kilas a shirye, cikewa za su yi.

Malam Lawali, ga lambobin da ya kamata a rubuta a allo su zauna har ƙarshen zango. Gudun harsashi 20 ne a cire sau uku na ƙarfinsa. `fire(1)` yana tafiya fiksel 17 a kowane tik (tik shi ne mataki ɗaya na lokacin faɗan), ɓarnarsa 4, in ya samu ya dawo maka da kuzari 3. `fire(3)` yana tafiya 11, ɓarnarsa 16, ya dawo da 9. Tanka ba ta wuce fiksel 8 a tik. A nisan 400, harsashin 3 zai yi tik 36 a hanya, wanda ake hari ya riga ya matsa kusan fiksel 290. Shi ya sa yaron da ke `fire(3)` a kowane nisa yake kashe kansa da kansa, kuzari na zuba ba dawowa. Bindiga kuma tana zafi, bayan `fire(3)` sai ta yi tik 16 kafin ta sake tashi, umarnin harbi a wannan tsakanin banza ne. A duba `getGunHeat()` tukuna. Wannan lissafin gaba ɗaya ya cancanci kilas nasa, a ce Maharbi, mai metod `zabiKarfi(nisa, kuzarina)`.

Juya bindiga ma akwai tarko. Jiki na kallon 350, bearing 20, bindiga na kallon 30: a haɗa 350 da 20 a cire 30, lissafi ya ba da 340. Bindiga digiri 20 take juyawa a tik, wato tik 17 a zagaye, alhali juyin 20 zuwa hagu tik ɗaya ne. A saka sakamakon cikin `Utils.normalRelativeAngleDegrees`, zai mayar da shi -20.

Mamman Sani Zango:

Bayan AbokinGaba da Maharbi, mataki na uku shi ne motsi. A yi `interface Motsi` mai metod ɗaya, `motsa()`, wato yarjejeniya cewa kowane kilas na motsi zai zo da wannan metod ɗin. Rukuni ɗaya su rubuta BinBango, wani su rubuta Zagaye, wani KaiDaKomo. Tankar tana riƙe `Motsi motsi` kawai, ba ta san wanne ne a ciki ba. In harsashi uku suka same ta a jere, `motsi = new Zagaye(this)`, salon tafiya ya canja ana tsakiyar faɗa. Da kwamfuta 5 wannan rabon ma ya fi: yara uku-uku, ɗaya na da Motsi, ɗaya Maharbi, ɗaya AbokinGaba, a fayil daban-daban. Su soma amincewa kan sunayen metod a takarda kafin kowa ya taɓa madannai. In wuta ta ɗauke ma aikin takardar na ci gaba.

Za su so su sa Zagaye ya yi `extends Robot` don su samu `ahead()` a sauƙaƙe. Hana su. Obje ɗin da Robocode ta ƙirƙira da kanta shi kaɗai ke haɗe da fili, wanda yaro ya yi da `new` in ya kira `ahead()` kuskure zai jefo. Tankar ce za a miƙa masa ta `this`.

Kada a yi saurin komawa AdvancedRobot, ɗaya kilas ɗin da tanka ke iya gada a madadin Robot. A Robot kowane umarni sai ya ƙare na gaba ke somawa, abin na bin hankali. A AdvancedRobot `setAhead` da `setTurnRight` ajiye niyya kawai suke, sai an kira `execute()`. In aka manta shi cikin `while(true)` tankar ta sandare, daga baya Robocode ta fitar da ita daga faɗan.

Malam Lawali Birni:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malam Mamman. Tambaya ɗaya ta rage: in ana so tankar ta tuna abin da ta koya a zagayen farko, misali yawan harbin da ya samu, ya ake yi? Kuma gasar ƙarshe zagaye nawa?

Injiniya Hadiza:

Kowane zagaye Robocode tana ƙirƙirar sabon obje na tankar, duk abin da ke cikin tsohon ya tafi. Abin da aka sa wa `static` na kilas ne, yana nan har faɗan ya ƙare. Ka ba su gwaji: `int a` da `static int b`, a ƙara wa kowane 1 a farkon `run()`, a buga su da `out.println`. A zagaye na biyar a na nan 1, b ya kai 5. Ƙidayar harbi ta zama `static`, amma x da y na abokan gaba kada su zama, in ba haka ba tankar za ta buɗe sabon zagaye tana harbin inda mutum yake a zagayen da ya wuce.

Gasa kuwa, zagaye 10 da manhajar ke kawowa sun yi kaɗan, wurin somawa na kowa sa'a ce. Gasar RoboRumble, wadda masu Robocode ke yi a intanet, 35 take yi a faɗan ɗaya da ɗaya, ku ma ku yi hakan, a ƙara gudun faɗan don kada a kwana. Kafin tanka ta shiga gasar sai ta doke SittingDuck da Walls, kuma ta zo da kilas uku aƙalla, ɗan rukunin da bai rubuta kilas ɗin ba shi zai yi bayaninsa a gaban allo.