Golf ɗin Baba ta kwanta, takardu sun ƙare: 'yan gwangwan ko mai tada ta?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu ya bar Golf 3 wagon a garejin gida nan Jega. Injin ya buga tun yana raye, rabon takardunta da sabuntawa tun 2019, lambar kuma tsohuwa ce, irin ta kafin 2011, da sunansa. Magada sun amince a sayar a raba. 'Yan gwangwan sun taya dubu 380. Wani kuma ya ce zai ba da dubu 500 ya tada ta, amma a haɗa masa da lamba da duk takardu. Wanne ya fi? Kuma sai mun sabunta takardun kafin mu sayar?

Na Gwandu: Allah ya jiƙan Baba. Ka sa mata injin Beljiyam ka ba direba ya riƙa yin Jega zuwa Sakkwato. Golf ba ta mutuwa.

Ɗan Jega: Amin. Yaya, mu 11 ne magada, kowa jiran kasonsa yake.

Tsohon Akawu: Ƙanena, a gyara wani abu tukuna. Lamba ba ta ƙarewa a Nijeriya. Abin da ke ƙarewa duk shekara shi ne lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora. Lambar kuwa tana nan a rajista da sunan Baba har sai an canza mallaka. In gwangwan za a yi, sabunta takardu zubar da kuɗi ne, tunda ba titi za ta hau ba, a bayan babbar mota za a ɗauke ta. Sai dai kafin ta bar gida, ku kwance lambobin nan biyu, gaba da baya. Ku buɗe bonet ku kwafi lambar shasi da ke jikin ƙarfe ƙasan gilashin gaba, da lambar inji, ku ɗauki hoto. A rubuta yarjejeniya da waɗannan lambobi, da sunan mai saye da NIN ɗinsa, shaidu biyu su sa hannu, a fito ƙarara a ce don yankawa aka sayar. Lambar ku kai ofishin lasisi na hukumar tara haraji da wasiƙa, su buga muku hatimi a kwafinku. Takardar kwastan da asalin takardun mota kada su bi ɗan gwangwan, ba abin da zai yi da su a kan sikeli.

Baba Na Yawuri: Ɗana, ka riƙe maganar lambar nan da hannu biyu. Wani maƙwabcinmu, malamin firamare na, ya saida mota tai da baki kawai, ba takarda ba shaidu, ya bar lamba jikinta. Wanda yas saye ya yanka motar, lambar kuwa ta faɗa wata mota da anka kama wajen Zamfara da kayan da ba a faɗi. Da anka bincika rajista sunan wa ya fito? Nashi. Gaban ɗiyanshi sunka zo sunka tafi da shi. Ya ce ya saida, anka ce ina sheda? Wanda yas saye ya canza layi, ba a san garinsu ba. Sai da gonarshi ta fadama ta tafi wajen lauya da zirga-zirga kafin shi samu kanshi, kuma har yau wasu kallon mai laifi suka yi mai. Mai ƙara maka dubu 120 don lamba da takardu, ka tambai kanka mi yaka saye.

Uwar Khalifa: Innalillahi. Baba, an wanke shi dai daga ƙarshe?

Baba Na Yawuri: An wanke shi, ɗiyata. Gonar dai ba ta dawo ba.

Na Gwandu: Wannan ai tsoratarwa ce. Motoci nawa ake sayarwa kullum da lambarsu?

Tsohon Akawu: Ana sayarwa, amma da canjin mallaka. Mai tada ta ya bi ku ofishin lasisi a yi rajista da sunansa, ya karɓi sabuwar lamba. Da yake mai motar ya rasu, ku riƙe takardar amincewar magada ko ta kotun da ta raba gadon, da takardar rantsuwa. Shi takardar kwastan haƙƙinsa ce, amma a ofis za ku miƙa masa, ku ajiye kwafi. In ya ce shi ba sai an je ba, to takardun yake so. Akan yanke lambar shasin matacciyar mota a walda wa ta sata ko wadda ta shigo ba duti, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017.

Bakanike BRK: Dubu 380 ma cuta ce in a dunƙule za a ba su. Golf 3 duka-dukanta ta ɗan haura tan ɗaya, su kuma kuɗin ƙarfe za su lissafa maka, sannan su kwance kaya su sayar daban. Ku riga su. Giyabos in yana shiga lafiya shi ne babban kuɗi. Sai kik, altaneta, ƙofofi, but, fitilu, gilasai, rim. Batir ko ya mutu ana saye saboda darmar ciki. Ku leƙa salansa ku ga ko indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikinta, na nan, don shi suke fara lalube su yi shiru. Kayan kaɗai za su iya kai dubu 400, ga gangar jikin. A cire tanki kafin a kunna wutar yanka, ko ba mai a ciki tururinsa na kamawa.

Sarkin Sikeli: Oga, dubu 400 a ina? Motar da ta kwana shekaru a ajiye roba duk ta bushe, giyabos ba wanda zai saya bai ji shi a titi ba. 250 in an yi sa'a, kuma sai ka yi wata shida kana sayar da ƙofa ɗaya-ɗaya. Lagireto dai ku cire, jan ƙarfe ne.

Bakanike BRK: Na Golf alminiyon ne da roba a gefe. Mai jan ƙarfe sai su fijo 504. Kai da ke saye dole ka karya farashi.

Sarkin Sikeli: Kai kuma da ke son a ba ka kwangilar kwancewa fa?

Na Gwandu: Ku fara tambaya ko kajin gidan sun yarda. Shekara nawa suna ƙwai a kujerar baya, su ma magada ne.

Uwar Khalifa: Ni dai maganar Malam Akawu na ɗauka, shi ya zauna a ofis. Amma Malam, inshorar nan fa? Tun Janairun 2023 ta tashi daga dubu 5 zuwa dubu 15, kuma har yanzu akwai masu tsayawa bakin ƙofar ofis suna bugo ta a dubu 7.

Tsohon Akawu: Hajiya, ta dubu 7 takarda ce kawai. A sa lambar mota a askniid, shafin intanet na tantance inshora, in ba ta fito ba to jabu ce.

Baba Na Yawuri: Ko ta gaske ce, shinge nawa a tsakanin Koko da Jega? Kowane sai ka fiddo takarda, kuma sai an samu wadda ba ta yi ba.

Ɗan Jega: Iyayena, na gode. Mai dubu 500 ɗin na kira shi kan zuwa ofis, ya ce zai neme ni. Yayarmu kuma yanzu ta ce ita ba ta yarda a yanka motar Baba ba.