Wai da gaske 'yan sassaucin ra'ayi ne suka cika biranen Amurka da masu kwanan titi da 'yan ƙwaya?

Abban_Sadiq:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min. Kwana biyun nan bidiyoyin San Faransisko da Filadelfiya nake ta gani a YouTube, tantuna jere a bakin titi, ga mutum a tsaye ya lanƙwashe kansa ya kusa taɓa ƙasa ko motsi ba ya yi, wlh abin ya hana ni sukuni. Kuma duk mai ɗora bidiyon maganarsa ɗaya ce, wai 'yan Dimokurat masu sassaucin ra'ayi ne suka jawo, tunda su ke riƙe da biranen kuma sun ɗaure wa 'yan sanda hannu. Haka ne ko dai siyasa ce kawai?

Malam_Garba:
Wa'alaikassalam. Ni dai gaskiya ina ganin suna da kaso babba. A 2014 Kalifoniya ta zartar da dokar da ta mayar da satar abin da bai wuce dala 950 ba ƙaramin laifi, haka ma riƙe ƙwaya don amfanin kai. Jihar Oregon ta wuce nan, a Nuwamba 2020 suka kaɗa ƙuri'a cewa in an kama ka da 'yar hodar iblis ko ƙwayar heroin tarar dala 100 ce kawai, ita ma in ka buga waya layin neman magani sai a yafe maka. Kusan ba wanda ya buga. A 2024 su da kansu suka janye dokar, majalisar 'yan Dimokurat ce fa ta janye ba wasu ba. Mutanen San Faransisko ma a 2022 suka tsige babban mai gabatar da ƙara na birnin, Chesa Boudin. In abin yana tafiya daidai me zai sa su lashe amansu?

Hajiya_Binta_B:
Malam Garba abin da ka kawo duk gaskiya ne amma ka haɗa abu biyu wuri guda, kwanan titi daban mutuwar ƙwaya daban. Jihar da aka fi mutuwa da ƙwaya in aka auna da yawan jama'a West Virginia ce, shekara da shekaru, kuma 'yan Rifablikan ke lashe zaɓe a can, ba wanda ya sassauta musu doka. Amma ba ka ganin tantuna a titunansu kamar Kalifoniya, saboda me? haya na da araha, ɗan ƙwaya yana da ɗakin da zai shiga ya rufe ƙofa, ana mutuwa ne a ciki kyamara ba ta gani. Masifar ma ba daga birane ta faro ba, tun 1996 da aka fito da OxyContin, wani maganin kashe zafi mai sa jaraba, likitoci suka yi ta rubuta wa mutane, daga baya heroin, sannan fentanil, wata ƙwaya da ta fi heroin ƙarfi nesa, ta zo ta mamaye ko'ina, daga 2021 zuwa 2023 kowace shekara sama da mutum 100,000 ke mutuwa a faɗin ƙasar. Ita dokar Oregon ta fara aiki ne daidai lokacin da fentanil ke isa yammacin ƙasar, to raba laifin doka da na fentanil ba sauƙi.

Direba_Bay:
Bari in sa baki tunda ni a yankin San Faransisko nake tuƙi, shekara shida kenan. Hajiya ta faɗi gaskiya kan haya amma ni ban wanke 'yan Dimokurat ba, laifinsu dai ba inda ake nunawa yake ba. Akwai wata dattijuwa da na kan gani a filin ajiye motoci in na tashi aikin dare, cikin motarta take kwana ta toshe tagogi da kwali, da asuba ta fito ta goge takalminta ta sa rigar aiki ta tafi. Ba ta shan komai, kuɗin ɗaki ne ya fi ƙarfin albashinta. Wannan matar ba dokar ƙwaya ce ta fitar da ita waje ba, rashin gina gidaje ne, kuma wa ya hana ginin? masu gidajen nan da ke cewa suna tausayin talaka, da zarar an ce za a yi bene kusa da su sai su cika zauren taro da ƙorafi a yi shekaru ana jan magana. Wannan kam nasu ne tsaf. Ga kuɗi, a 2024 mai binciken kuɗi na jihar Kalifoniya ya ce an kashe kusan dala biliyan 24 cikin shekara biyar kan marasa matsuguni ba tare da an bibiyi sakamakon yadda ya kamata ba. Abin yana ci min rai sosai.

Hajiya_Binta_B:
Yawwa ɗan'uwa, shi ya sa nake kawo misalin birnin Houston na jihar Texas. Magadan garinta su ma 'yan Dimokurat ne amma gini ba wuya a can, suka ɗauki tsarin a fara ba mutum ɗaki tukuna sannan a bi shi da magani, daga 2011 yawan marasa matsuguni ya ragu da fiye da rabi.

Malam_Garba:
Na karɓi batun haya Hajiya, Allah ya saka. Amma wanda ke kwance a unguwar Tenderloin ta San Faransisko hankalinsa ya gushe, ƙafarsa ta kumbura tana ruwa, a ce wai 'yancinsa ne a bar shi sai ya yarda da kansa, ni ban ga tausayi a nan ba. Ko da yake dokar da ta sa kwantar da mai taɓin hankali a asibiti dole ya yi wuya, Ronald Reagan ne ya sa mata hannu a 1967 yana gwamnan Kalifoniya, wannan ba zan ɓoye ba.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yaya Direba, na ji a Yunin 2024 kotun ƙoli ta ba birane damar hukunta masu kwana a waje har aka fara kwashe tantuna. Su mutanen ina suka koma? ita dattijuwar har yanzu kana ganinta?