Kamfanin da ya yi garin shi ke biyan kuɗin binciken: in ci gaba da aikin ko in ajiye?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, shawara nake nema.

Na gama makarantar koyon aikin lafiya da takardar ma'aikaciyar lafiya a matakin farko, amma aikin gwamnati har yau shiru. Zaman kemis ɗin wani ɗan uwanmu nake yi, sai ɗan turaren wuta da nake haɗawa. Kwanakin baya wata ƙawata ta yi mini hanya aka ɗauke ni aikin wucin gadi a wani bincike. Gida-gida muke bi a wata ƙaramar hukuma da ke gefen Kano, mu ɗora yara 'yan wata 6 zuwa shekara 2 a sikeli, mu auna damtsensu da tef, mu yi wa uwa tambayoyi mu shigar a waya. Ana ba iyayen garin koko na leda da aka ce an ƙara masa sinadarai, ana son a ga ko yaran da ke sha za su fi yin kumari. Kuɗin kuwa ba laifi. Abin da ake ba ni a wata ya haura mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000, da shi na biya wa ƙanena kuɗin jarabawa, na kuma rage bashin mai shago.

To ga abin da ya hana ni barci. Sai da muka yi nisa na gane ashe kamfanin da ke yin garin shi ke biyan kuɗin komai. Sunansa ba ya jikin katin wuyanmu, ba ya cikin takardar neman amincewa da muke karanta wa iyaye. Sannan wasu mata sun ce mini tun da suka fara dama wa yaransu garin gudawa ta kama su, shi ya sa suka daina. Da na faɗa a taronmu na ƙarshen mako, shugabar tawagarmu ta ce babu gurbin wannan a fom, in danna "ba a same ta a gida ba" in wuce. Ana cikin haka Baba ya ji irin aikin da nake yi, ya ce in ajiye, wai waɗanda suka zo a 1996 ma da farar riga da murmushi suka zo.

Ni dai ban ga yaron da aka yi wa allura ba, koko ne kawai. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In ajiye ne in koma kemis, ko in runtse ido in ƙarasa watannin da suka rage?

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam 'yata. Mahaifinki ba camfi yake yi ba, ku ne ba ku riski abin ba. A 1996 sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Ana tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya zo asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan. Yara wajen 200 aka saka a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba da shi. 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar ba maganinsa ba, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Takardar izinin asibiti da aka nuna daga baya ma, ta tabbata an mayar da kwanan watanta baya. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai 2011 iyalai na farko suka ga kuɗi a hannu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta (DNA).

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin na cikin abin da ya sa mutane suka gaskata jita-jita. Cutar ta sake bazuwa har Yaman da Indonesiya. Saboda haka duk wanda zai shiga gidajen mutane da sunan bincike ya ɓoye wanda ya aiko shi, ni ba na tare da shi. Ki bi maganar mahaifinki.

Ɗan Kwangila:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ana maganar koko kana kawo maganar sanƙarau. Ƙanwata, na daɗe a harkar cike fom ɗin nan, na yi wa ƙungiyoyi kala-kala. Wallahi akwai waɗanda a gindin bishiya suke zama su cike na gida ashirin kafin azahar, su je su karɓi kuɗinsu. Rahoton nan an san abin da za a rubuta tun kafin a ba ku waya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko ke ko wata, za a danna abin da aka ce a danna. In kin ajiye, kafin ki kai bakin titi an maye gurbinki. Ki ci kuɗinki, zamanin nan ba a wasa da aikin da ya haura dubu saba'in.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Ɗan Kwangila, da ɗanka ne yake zawo aka rubuta "ba a same ta a gida ba", haka za ka ce? Irinku ne kuka sa in an ƙwanƙwasa mana ƙofa da waya a hannu muke cewa matar gidan ta tafi unguwa.

Malamin Jami'a:
'Yar uwa, ina koyar da lafiyar al'umma, kuma ni kaina na yi aiki da kuɗin tallafi, don haka ki ɗauki maganata da wannan sanin.

Shakkarki a kan hanya take. A shekarun 1960 ƙungiyar masu kamfanonin sukari a Amurka ta biya wasu masana na jami'ar Harvard dala 6,500, suka fitar da nazari a 1967 da ya sassauta wa sukari, ya ɗora alhakin ciwon zuciya a kan kitse. Ba a faɗi wanda ya biya ba, sai a 2016 wasu masu bincike suka tono wasiƙun. Kamfanonin taba sun yi fiye da haka: a 1954 suka kafa kwamitin bincike nasu, aikinsa ya riƙa sa mutane kokwanton alaƙar sigari da sankarar huhu. Cibiyar Cochrane kuma ta tattara nazarce-nazarce da yawa a 2017, ta ga cewa gwajin magani da kamfani ya ɗauki nauyi ya fi yawan ƙarewa da sakamakon da zai faranta wa kamfanin. Yawanci ba ƙaryar lamba ake shararawa ba. Tambayar ce ake tsarawa yadda amsa ɗaya kawai za ta iya fitowa, ko a gwada kaya da abin da aka san bai kai shi ba, ko sakamakon da bai yi daɗi ba a jefa shi a durowa.

Amma ki waiwayi kantar kemis ɗin da kike zama. Kusan duk sabon maganin da ke kanta da kuɗin kamfani aka gwada shi, don gwamnatoci ba sa ɗaukar wannan nauyin. In muka ce duk abin da kamfani ya biya ƙarya ne, kantar za ta koma wayam. Sanƙarau ɗin da Dattijon Fagge ya ambata ma, allurar MenAfriVac da ta kusan kawar da nau'insa na A a yankinmu, kamfanin Serum na Indiya ne ya yi ta da tallafin gidauniyar Gates, aka fara ta a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, Najeriya a 2011. Ni abin da nake tambaya kullum shi ne: idan sakamako ya fito ba yadda mai kuɗi yake so ba, wa ke da ikon hana shi fita?

A naki aikin, abubuwa biyu kika faɗa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ɓoye sunan mai ɗaukar nauyi a takardar amincewa kuskure ne babba, uwa tana da haƙƙin sanin wa ya aiko ki. Amma na biyun ya fi muni. Binciken abincin yara da ba shi da gurbin rubuta gudawa, an ƙera shi ne don kada ya ga gudawa. Kuma ki lura, ba lallai garin ne ya jawo ta ba. Yana iya zama ruwan da ake damawa da shi, ko mazubin da ba a wanke ba, ko damina ce kawai, yaran da ba sa sha ma suna yi. Hanyar ganewa ɗaya ce, a rubuta ta ga masu sha da waɗanda ba sa sha, a kwatanta. Idan aka goge yaran da garin bai karɓe su ba, sai a rage da waɗanda ya karɓa, a auna su a ce garin na sa kumari.

Kafin ki ajiye, ɗauki takardar amincewar ki duba ƙasanta. Dole a sami sunan kwamitin ɗa'ar bincike da ya ba da izini, da lambar izinin, da lambar wayar da za a kai ƙorafi. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ƙarƙashin NHREC, wato kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, ma'aikatar lafiya ta Kano tana da nata kwamitin, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ma haka. In babu ko ɗaya a takardar, kada ki ƙara kwana a aikin.

Anti Nas:
Ku tsaya, kafin a gama muhawara yaran fa? Ƙanwata, ke ma'aikaciyar lafiya ce kafin ki zama mai cike fom. Duk uwar da ta ce ɗanta na gudawa ki koya mata ruwan gishiri da sukari, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10, kuma kada ta yanke nono. Tef ɗin hannunki in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, a ranar ki tura su cibiyar kula da tamowa, ba sai shugabarki ta yarda ba. Ki juya ledar ki ga ko akwai lambar NAFDAC, ki kuma karanta yawan sukarin da ke ciki. A 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe irin namu da ƙarin sukari yake zuwa, na wasu ƙasashen Turai kuwa babu. Nestlé ya ce yana bin dokar kowace ƙasa. Yaro in ya saba da zaƙi, kunun gyaɗar uwarsa sai ya ƙi karɓa, daga nan an samu kwastoma.

Sarkin Shakka:
Duk surutu ne. Babu Baturen da zai bar ƙasarsa ya zo ciyar da ɗanka saboda Allah. Gero da waken suya da gyaɗa sun ishe mu.

Ɗan Maraɗi:
Ɗan uwa, gero ya ishe mu in akwai shi a rumbu. A 2004 fari da fara suka cinye namu, 2005 yunwa ta shigo. Abin da ya tashi yara a nan shi ne gyaɗar ledar nan, Plumpy'nut, kuma kamfanin Nutriset na Faransa ke yin ta, kuɗi yake nema kamar kowa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, mafi yawa uwa na karɓar leda ta koma gida, ba a kwantar da su ba. Aka ƙidaya waɗanda suka warke, aka ƙidaya waɗanda suka rasu, duka aka buga. Yanzu a Yamai ma ana yin ta. Ni ba na ƙin kayan kamfani, wanda ba ya son a ƙidaya masa gawa nake gudu.

Malam Na Zaure:
Baiwar Allah, albashinki halal ne matuƙar abin da kika gani shi kika rubuta. Amma ki sami mace a gidanta, ta gaya miki damuwarta, ki rubuta ba ki same ta ba, wannan shaidar zur ce, ko da yatsa aka danna ta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Game da mahaifinki, kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ci gaba a ɓoye. Ki zauna ki karanta masa takardar, ki gaya masa matakin da za ki ɗauka, ki nemi ya ba ki lokaci. Idan ya dage, ki bar musu, Allah zai musanya miki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba takardar kamar yadda Malamin Jami'a ya ce. Akwai sunan kwamiti da lambar izini da lambar waya, da ƙananan baƙaƙe can ƙasa, ba a taɓa cewa mu karanta wa iyaye wannan layin ba. Lambar NAFDAC ma akwai. Na kuma lura a ƙarshen fom akwai wani fili na "ƙarin bayani" da kowa ke tsallakewa. Baba ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Tsorona ɗaya, in na kira kwamitin za su faɗi sunana? Ƙawar da ta kawo ni ba na son in ja mata.

Malamin Jami'a:
Kada ki fara da kwamiti. Daga gobe duk gudawar da aka gaya miki ki rubuta ta a filin ƙarin bayanin, da ranar da ta fara da ranar da aka daina ba da garin, kuma ki daina danna "ba a same ta ba" ga matar da kika samu. Ki ajiye littafinki daban da lambar gida kawai, ban da sunaye, ban da hoto. Sannan ki tura wa babban mai binciken saƙo a rubuce, cikin ladabi, ki tambayi inda ake shigar da illolin da iyaye suka ambata. Sau da yawa shugabar tawaga ce ke gudun a ce mata aikinta ya yi baya, na sama bai ma sani ba. In mako ya wuce shiru, ko aka ce ki goge, sai ki kira lambar, ki fara da cewa kina son a sakaya sunanki. Ya kamata su yi hakan, amma tawagarku ƙarama ce, za a iya gane ke ce, don haka ki sanar da ƙawarki tun kafin ki kira.

Ɗan Kwangila:
To in za ki bi ta Malam, ki tabbata kin karɓi kuɗin watan nan tukuna. Su kan riƙe na ƙarshe.