Me zan sa a madadin farar giyar inabi a miyar kifi?

Maman Haidar, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu girki. Ran Asabar ina da odar abincin mutum 15 a nan Gombe, kuma mai odar kifi take so, amma ba farfesun da muka saba ba. Ta turo mini bidiyon wata miyar bota ta Faransawa, fara sol, ana kwarara ta a kan kifi. Cikin kayan haɗin akwai rabin kofi na wata farar giyar inabi, Muscadet, ni kuwa giya ba ta shiga tukunyata. Jiya na sayo giwan ruwan Dadin Kowa na gwada ba tare da ita ba, miyar ta fito maiƙo zalla, cokali uku maigida ya yi ya ce ta ginshe shi. Yau na zuba ruwan inabi na kwali, ta koma zaƙi kamar na sa sukari. Wai me giyar nan take yi a ciki, kuma da me zan maye gurbinta?

Baba Kuku:
Wa alaikumussalam 'yata. Na yi shekaru a kicin ɗin otal a Legas, miyar nan na san ta. Tsami ne kika rasa. Ana yin Muscadet a kusa da birnin Nant, inda kogin Luwar ke dab da faɗawa Tekun Atlantika. Wurin da sanyi da iskar teku, inabi ba ya saurin nuna, saboda haka sukarinsa kaɗan ne, tsaminsa kuma yana nan. Haka abin yake a Galisiya ta ƙasar Sifaniya, inda suke da giyar Albariño, da arewacin Fotugal masu giyar Vinho Verde. Duk mutanen bakin teku ne, abincinsu kifi da kawa da jatanlande, shi ya sa suke haɗa su da irin wannan giya mai tsami. Tsamin yana yanke maiƙo, ya kashe ƙarni, kamar yadda muke matsa lemon tsami a kan gasasshen kifi.

Ki yi haka. Ki dafa kan kifin da ƙashinsa ki tace romon. Rabin kofi na romon, cokali ɗaya na ruwan khal fari, da albasa ƙarama yankakkiya sosai. Ki bar su a wuta sai sun kusa ƙonewa, saura kamar cokali biyu. Sai ki rage wuta can ƙasa, ki riƙa jefa bota mai sanyi gutsure-gutsure kina kaɗawa. Kada ki bari ta tafasa, tsinkewa za ta yi. Lemon tsami a ƙarshe, bayan kin sauke. In kin samu ɗanyen man shanu wajen masu nono, ki wanke shi da ruwan sanyi, yana yi. Soyayyen na kwalba kuwa ba zai haɗu ba, narkewa kawai zai yi ya kwanta.

Abban Sadiq:
Ni na ji an ce in an dafa giya ƙarfinta yana fita gaba ɗaya, ko ba haka ba ne Baba?

Baba Kuku:
Yana raguwa, amma ba ya fita duka, balle a girkin 'yan mintoci irin wannan. Tunda ga khal ga lemo, babu abin da zai kai ta can.

Anti Laraba, Tumfure:
Maman Haidar, ki duba abin sha ma. Kada ki ajiye kunun aya kusa da wannan miya, nauyi kan nauyi ne. Ni farin zoɓo nake jiƙawa da ruwan sanyi ya kwana, citta kaɗan, sukari ɗan taɓawa, in sa ƙanƙara. Launinsa garai-garai a kofin gilashi, yana kuma wanke baki. Sannan ki tsaya kan giwan ruwa ko karfasa. Tarwaɗa tana da nata kitsen, ita yaji da tsamiya take so.

Maman Haidar, Pantami:
Baba, Allah Ya saka da alheri. Na gwada bayan la'asar. Karon farko ta tsinke don na bar wuta da ƙarfi, na biyu ta haɗu luƙui, har tana kama bayan cokali. Anti, gobe zan shiga Tsohuwar Kasuwa neman farin zoɓon. Mutum 15, rabin mudu zai isa?