Wa ya taɓa yin firaktikal da na'urar wata jami'a ta intanet?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Malaminmu na lantarki ya ce akwai jami'o'in da ke aron juna ɗakin gwaji: na'ura tana can, kai kana nan Sakkwato kana sarrafa ta da kwamfuta. Wanda ya taɓa yi da kansa ya ba mu labari. Ban da "an ce", don Allah.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Na yi, lokacin ina karatu a Ife. Sunan tsarin iLab, daga jami'ar MIT ta Amurka. A 1998 Farfesa Jesús del Alamo ya fara shi, don ɗalibai su auna taransisto, ƙaramin kayan lantarki mai sarrafa gudun wuta, daga nesa. A 2005 gidauniyar Carnegie ta ba da kuɗi aka haɗa da jami'o'i uku na Afirka: Obafemi Awolowo ta Ife, Makerere ta Yuganda da Darussalam ta Tanzaniya. Daga baya mutanen Ife suka gina nasu.

Za ka zaɓi ƙarfin wutar da kake so, ka tura, ka shiga layi, na'ura ta auna ta maido maka da zane. Ranar farko zanena bai yi daidai da na littafi ba, na ɗauka ni na yi kuskure. Ashe haka ƙarfe na gaske yake, zafi kaɗai na iya karkatar da awo. Abin da ya zauna mini ke nan har yau.

Autan Gawon Nama: Ai mu ma mun yi da PhET lokacin kullen korona a 2020.

Malam Injiniya: A'a ƙanena, wancan kwaikwayo ne na jami'ar Kolorado. Yana da amfani, amma lissafi ne kawai, babu na'ura a bayansa.

Ɗiyar Runjin Sambo: Ni dai alheri na gani. A makarantarmu mu goma sha biyu ke zagaye osiloskof ɗaya, na'urar da ke nuna zanen wutar lantarki a allo, maza su kama maɓallai, mu mata a miƙo mana biro mu rubuta sakamako. Da wani malami ya samo mana damar shiga wani lab na waje, ni kaɗai ce da allo. Sau huɗu na maimaita gwajin, ba mai ce mini "yi sauri". Ran nan na gane abin da na shekara ina kwafewa.

Ɗan Arkilla: Ke kin dace. Ni lokacin da anka ware mini minti ashirin ne, ƙarfe biyu na rana, cikin Afrilu. Ina shiga anka ɗauke wuta, na koma waya, ita ma zafi ya sa ta mutu. Kafin ta farfaɗo wani ya hau layi.

Baba Mai Lab: Shekaruna da yawa ina kula da kayan gwaji. Ba na ƙin abin, don wata na'urar kuɗinta ya fi ƙarfin sashe guda. Amma yaron da bai taɓa ƙona rezisto, ɗan abin da ke rage gudun wuta, ya ji warinsa ba, bai riƙe ƙarfen soda na liƙe wayoyin lantarki ba, ba zan bar masa benci ba. Ku auna ta intanet, ku zo nan ku haɗa waya.

Ɗiyar Runjin Sambo: Gaskiya ne Baba. Amma in mun zo, a ba mu ƙarfen, ba biro ba.

Baba Mai Lab: Ki zo Talata da safe, ɗiyata, kafin su iso.