Barkono ba wuta ba, me ya kawo ƙuna?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum ma'abota baiti. Tambaya gare ni, a amsa da waƙa, amsa-amonmu "wa".

Ku taho masana ku warware mini,
Abin ya hana ni rintsawa.
Tsire ya huce a Terminus, Jos,
Iskar hunturu tana kaɗawa,
Yaji ya taɓa harshe, sai zafi,
Gumi a goshi yana tsattsafowa.
Ina wutar take a barkono,
Da ba hayaƙi, ba ta haskawa?

'Yar Rikkos:
Wa alaikumus salam Yaya, ga abin da muka karanta.

Yaya, babu wuta a yaji,
Jijiyar bakinka ke rantsewa.
A kanta akwai ƙananan ƙofofi,
Ido ba ya iya hangowa.
Ɗaya TRPV1 sunanta,
Zafi ne ke sa ta buɗewa.
In ya kai wajen digiri 43,
Saƙon lantarki ke fitowa.
Kafsaisin, sinadarin barkono,
Ita wannan ƙofa yake turawa.
Ƙwaƙwalwa ba ta ga tsire ba,
Saƙon kaɗai take karantawa,
Ta ce baki ya kama da wuta,
A saki gumi don hucewa.

David Julius na Amurka da abokan aikinsa ne suka gano wannan ƙofa a 1997. A 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian, wanda ya gano ƙofofin jin taɓi da dannawa.

Baban Farin Gada:
'Yata, Allah ya yi albarka,
Kin yi bayani mai gamsarwa.
Na tsufa a rumfar attaruhu,
Ina zubawa, ina aunawa.
To ga kaji suna tsattsagarsa,
Ko ɗaya ba ta atishawa.
Su wane lakani suka sha ne,
Da mu muka kasa samowa?

'Yar Rikkos:
Baba, tsuntsu ma yana da ƙofar,
Zafin gaske take amsawa,
Amma ƙirarta ta sha bamban,
Kafsaisin ba ya motsawa.
Ya haɗiye iri ya tashi sama,
Can nesa yake zubarwa,
Barkono ya tsiro a sabon fili.

Layin ƙarshe ya ƙi amsa-amo, Baba, a cike mini.

Baban Farin Gada:
Mai shuka bai san yana shukawa.

Ɗan Gangare:
Baba ya cike! To ni ma na hango wata:

Na tsotsi Tom Tom, na kurɓi ruwa,
Sanyi har haƙori yake ratsawa.
Ke nan akwai ƙofar sanyi,
Mentol na cikin Tom Tom ke ƙwanƙwasawa?

'Yar Rikkos:
Haka ne Yaya, TRPM8 ake kiranta.

Inna ta Unguwar Rogo:
'Ya'yana, ni aikin jinya na yi har na ajiye. Ku ba ni wuri, maganar nan ta taɓa ni.

Kuna ta zancen zafin yaji,
Ni rashin jin zafi ke firgitarwa.
Ciwon sukari in ya daɗe a jiki,
Jijiyar ƙafa yake kashewa.
Na wanke ƙafar wani dattijo,
Ƙusa ta huda takalmi tana sukawa,
Ya yini a kanta cikin kasuwa,
Bai ji komai ba har dawowa.
Sai da safa ta manne da jini,
Matarsa ta gani wurin cirewa.
Ga sanyin Jos a watan Disamba,
Tsoho ya matso kasko don ɗumamawa,
Garwashi na cin tafin ƙafarsa,
Shi ko hira yake, ba ya janyewa.
Kuturta ma haka take yi,
Ba yatsu take gutsurewa:
Ji take ɗaukewa daga fata,
Rauni kan rauni ke cinyewa.
Mai sukari, duba ƙafa kullum,
Tsakanin yatsu kana buɗawa.
Ruwan wanka a gwada da gwiwar hannu,
Takalmi a zazzage kafin sakawa.

Baban Farin Gada:
Inna, ƙanena na da sukari,
Yau da dare zan je dubawa.
Amma 'yata, saura guda:
In mura ta toshe hanci,
Miyar daddawa lami take komawa.
Harshe na nan lafiya lau,
To wa ya hana shi ɗanɗanawa?